Ko Kun Sani? Koyon Harshen Waje a Sakandaren Amurka

Ko kun san cewa a Amurka ba gwamnatin tarayya ke tsara sharuɗɗan kammala sakandare ba? Kowace jiha da dokarta, shi ya sa batun koyon harshen waje ya sha bamban daga jiha zuwa jiha.

A Texas, dokar da majalisar jihar ta zartar a 2013 ta wajabta wa ɗalibi darasin shekara biyu a harshe guda ban da Turanci. Abin mamaki, dokar ta amince harsunan tsara manhajar kwamfuta su maye gurbinsa. A New York darasin shekara ɗaya ya wadatar, amma mai neman babbar shaidar kammala sakandare ta Regents yakan yi uku. Ita kuwa Kalifoniya zaɓi ta bayar: shekara ɗaya a harshen waje, ko fasahar zane da kiɗa, ko koyon sana'a, kuma maganar hannu ta kurame tana cikin harsunan da ake karɓa.

A 2011 Kalifoniya ta kafa dokar buga hatimi na musamman a takardar ɗalibin da ya ƙware a harsuna biyu. Yau duk jihohi 50 sun rungumi wannan tsari.