Matuƙan jirgin sama: tsanin da ake hawa da awoyi

Alhazan Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi sun daɗe suna shan tafiyar mota zuwa Sakkwato kafin su ga jirgin da zai kai su ƙasa mai tsarki. Da aka ƙaddamar da aikin filin jirgin sama na Gusau a 2024, ba mamaki wani yaron Zurmi ya fara burin zama matuƙi. Ya kamata iyayensa su san abin da ke gaba.

Hanyar ta bi ta Zariya, inda kwalejin koyon tuƙin jirgin sama take tun 1964. Wanda ya kammala yakan fito da lasisi da awoyi kusan 200 na tuƙi. Amma a kamfanoni irin su Max Air sai ya ƙaro kwas na takamaiman jirgin da suke da shi, misali Boeing 737, kuma galibi a ƙasar waje ake yin sa, da dala. Kujerar hagu kuwa, ta kyaftin, ba a zancenta sai da babban lasisi mai buƙatar awoyi 1,500. Awoyin nan ba sa taruwa sai an ɗauke shi aiki. Nan ne da yawa ke maƙalewa.

A manyan kamfanonin duniya, ranar da mutum ya shiga aiki ita ke tsara ƙarin girmansa. In ya sauya kamfani, sai ya koma ƙarshen layi. Shi ya sa matuƙa ba sa saurin ajiye aiki. Sun gwammace su tsaya su ja da mai gida.

A Yulin 2001, Cathay Pacific ta Hong Kong ta kori matuƙa 49 a rana guda ana tsakiyar rikicin albashi da jadawalin aiki. Ƙungiyar matuƙa ta duniya, IFALPA, ta yi kira da kada kowa ya nemi aiki a kamfanin. Wasu sun shiga duk da haka, suka kuma yi shekaru abokan aiki na yi musu kallon maciya amana.

A Nijeriya irin wannan takunkumi da wuya ya yi tasiri. A Agustan 2020, lokacin korona, Air Peace ta sallami matuƙa kusan 70, Bristow kuma ta sallami matuƙa da injiniyoyi kusan 100 yayin da ƙungiyarsu, NAAPE, ke yajin aiki. Wa zai ce wa saurayin da aka sayar da gona don karatunsa ya ƙi aiki? Masu sabon lasisi sun yi yawa, ƙwararrun kyaftin kuwa sun yi ƙaranci, har kamfanoni na ɗauko su daga waje, yayin da wasu na gida ke wucewa kamfanonin ƙasashen Larabawa, inda ake biya da kuɗin da ba ya faɗuwa kamar naira.