Abin da ke cinye jarin magani a asibitocin arewacin Yobe

Hanyar da ta tashi daga Nguru ta ratsa Jajimaji, hedikwatar ƙaramar hukumar Karasuwa, ta nufi Gashuwa, tana haɗa asibitoci hawa uku: Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, babban asibitin jiha a Gashuwa, da ƙananan cibiyoyin lafiya na garuruwan da ke tsakani. Majinyacin da ya shiga ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da fargabar da kowane talakan Najeriya ya sani, wato likita ya rubuta takarda, a kai ta tagar bayar da magani, a ce babu, a je a saya a waje. Shi ya sa da wuya ka ga ƙofar asibitin gwamnati a ƙasar nan da babu jerin kemis a gabanta. Sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye, kuma magani ne ke lashe kaso mai tsoka a ciki. Idan aka tashi maganar rage kashe kuɗi a asibiti, hankalin shugabanni yakan tafi kan sayen abin da ya fi araha. Ni a ganina asarar da ta fi girma tana faruwa ne bayan an gama ciniki, a tsakanin sito da taga, inda jarin magani ke ƙanƙancewa a hankali ba tare da kowa ya sa hannu a takarda ba.

Tsarin da yawancin asibitocinmu ke bi ya samo asali ne daga taron ministocin lafiya na Afirka da aka yi a Bamako a 1987. An amince a ba cibiyar lafiya jarin farko na magani, ta sayar da ɗan ƙari kaɗan, ta sake sarowa da kuɗin da ta tara, jarin ya riƙa juyawa ba tare da jiran kasafin kuɗin gwamnati ba. Najeriya ta rungumi tsarin, kuma a shekarun 1990 asusun PTF ya zuba magunguna masu yawa a asibitoci bisa wannan manufa. Dabarar tana da kyau, amma a wurare da dama ta durƙushe, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Wuta ta ɗauke, janareto ba mai, kuɗin gudanarwa bai iso ba, sai a ranci kuɗin magani da niyyar mayarwa. Wani babba ya turo ɗan'uwansa da 'yar takarda, a ba shi bashi. Gwamnati ta sanar da magani kyauta ga masu juna biyu da yara, asibiti ya bayar, kuɗin cikewa ya makara wata da watanni. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da uzurin da za a iya saurara, amma idan suka taru sakamakonsu ɗaya ne da na manomin da ya daka irin shukarsa ya ci da rani.

Tun daga 2023 wani ɓarawon ya ƙaru, wanda ba ya buƙatar makullin sito. A watan Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira, dalar da ake canzawa a hukumance kan kusan naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. A watan Agustan 2023 kamfanin magani na GSK ya sanar da cewa zai daina gudanar da harkarsa kai tsaye a Najeriya. Galibin magungunanmu, ko sinadaran haɗa su, daga Indiya da Sin ake shigo da su, don haka farashi ya bi dala. A ɗauki misali mai sauƙi. Asibiti ya sari kwalin magani kan naira dubu 100, ya sayar cikin wata huɗu ya tara dubu 110. A littafin akanta an ci riba. Da aka koma sari sai aka tarar kwalin ya zama dubu 160, kuɗin hannu bai kai ya sayi kashi 70 cikin ɗari na kwali ba. Aka sake juyawa haka sau biyu ko uku, kanta ta wofinta alhali ba a saci ko ƙwaya ɗaya ba. Abin da ke kare jari a irin wannan yanayi shi ne a sa farashi bisa kuɗin da za a sake sayo kayan, kuma a gaggauta juyawar, kada kuɗi ya kwana a asusu yana narkewa.

Nan ne za a ce an manta da talaka, kuma ƙorafin yana da nauyi. Manomin gero a Karasuwa ko masunci a dausayin Haɗeja da Nguru ba shi da albashin da ke bin farashin dala. Sai dai a duba abin da ke faruwa da shi idan kantar asibiti ta bushe. Zai tsallaka titi ya saya a kemis da tsada fiye da ta asibiti, ko ya sayi rabin abin da aka rubuta, ko ya koma gida. Magani kyauta hakki ne da ya dace a kare, amma dole wani ya biya kuɗinsa, kuma ya biya a kan lokaci. Hanyoyin biyan suna nan a doka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, ta ware rabinsa don biyan kulawar marasa ƙarfi ta hanyar inshora, da kashi 20 cikin ɗari don magunguna da rigakafi da kayan aiki. Jihar Yobe ma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya. Abin da ya rage shi ne kowace ƙwayar da aka bayar kyauta a rubuta ta a matsayin bashi a kan wata hukuma da aka sani, da ranar biya.

Sayen mafi araha kuma yana da tarkonsa, kuma zafin arewacin Yobe yana tona shi da wuri. Allurar oksitosin, wadda unguwarzoma ke yi wa mace don tsayar da zubar jini bayan haihuwa, ana son ajiye ta a sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. A watan Afrilu da Mayu zafi a Nguru yana wuce digiri 40. Ɗan kwangilar da ya fi kowa sauƙin farashi, ya ɗauko ta a bayan mota daga Kano ba akwatin sanyi, aka ajiye ta a firijin da ke aiki rabin yini, ya kawo kwalba mai kyan gani da ƙarfinta ya ragu. Nas za ta yi allura ɗaya jini bai tsaya ba, ta ƙara ta biyu, daga nan a shiga neman mota da leda biyu na jini. Rarar da aka samu a ciniki ba ta kai kuɗin man motar ba, balle ran da aka jefa cikin haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa kusan ɗaya cikin goma na kayan magani a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci. Saboda haka firiji mai aiki da sola da lambar rajistar NAFDAC da aka tantance suna cikin lissafin farashi. Haka ma sanin lokaci: zazzaɓin cizon sauro yana tashi da damina, ambaliya kuma, kamar ta 2022, tana iya yanke hanya a daidai wannan lokaci, don haka allurar atesunet da ruwan ƙari ya kamata su isa sito tun kafin ruwa ya sauka.

Asibiti guda ba shi da ƙarfin da zai yi ciniki da masana'anta, shi ya sa haɗa saye wuri ɗaya ya zama hanya. Jihar Tamil Nadu ta Indiya ta kafa kamfanin sayen magani na gwamnati a 1994, da sito a gundumomi, da gwajin samfur kafin a raba kaya, da littafin da kowane asibiti ke ɗibar magani da shi gwargwadon kasonsa. Jigawa ta kafa irin wannan hukuma, JIMSO, Yobe kuma ta kafa tata, YODMA, a zamanin Gwamna Mai Mala Buni. Masu shakka suna cewa tara saye a Damaturu zai jawo jinkiri, kuma idan hukuma ɗaya ta gaza kowa ya gaza tare. Wannan gaskiya ne idan aka tsaya a sito ɗaya. Nisan Nguru da Machina da Yusufari daga babban birnin jihar yana buƙatar sito na shiyya mai cikakken kaya, da motar rabo mai ranar zuwa sananniya, da izinin asibiti ya saya daga amintaccen dillali idan hukuma ta kasa kawowa cikin kwanakin da aka ƙayyade.

Babu inda wannan lissafi ya fi tsanani kamar ciwon ƙoda, wanda ya daɗe yana addabar Gashuwa da garuruwan Bade. Na'urar wankin ƙoda ana sayenta sau ɗaya a yanka ƙyalle, amma kowane zama yana cin sabuwar matatar jini, da robobin jini, da allurai, da ruwan sinadari, da maganin hana daskarewar jini, da tataccen ruwa mai yawa, da wutar da ba za ta ɗauke ba har sa'a huɗu. Majinyaci yana buƙatar haka sau biyu ko uku a mako, kuma kusan dukkan kayan daga waje suke zuwa. Adadin masu zuwa wanki sananne ne, don haka abin da za a buƙata cikin wata shida ana iya lissafa shi a takarda guda, a ƙulla yarjejeniyar shekara da mai kawowa, a ajiye kayan wata biyu a matsayin kariya. Duk cibiyar da ke shirin ƙara na'ura ya kamata ta fara nuna wannan takarda, da sunan asusun da zai biya kuɗin matatar jini a wata na goma sha uku.