Bashi mota yake bi ko mai mota? Gaskiya da ƙarya a cinikin motar hannu a Upper Iweka

A Upper Iweka, inda babbar hanyar Inugu ta gamu da ta Owerri a Anacha, ana lodin fasinja dare da rana, kuma a gefen lodin ana cinikin motocin kansu: Siyenar da ta gaji da hanyar Legas, Homa bas, ƙaramar bas ta cikin gari, Keke Napep. Ɗan'uwanmu da ya shekara goma yana sauke albasa a bakin gada, ko yana harkar shanu a Garkin Ugwuoba, ko yana dako a Fatakwal, in ya tara 'yan kuɗi abin hawa ne ke fara zo masa a rai, ko ya sa shi aiki a nan ko ya tura gida. Sai dillali ya kawo masa mota mai lafiya, fatikula cif, farashi kuma ƙasa da na kasuwa. In ya tambayi dalili a ce, "Alhaji, mai ita kuɗi yake nema da gaggawa." Sau da yawa gaskiya ce. Wani lokaci kuwa gaggawar ita ce akwai mai bin motar kuɗi, kuma ya kusa zuwa.

Maganar da ta fi yawo a majalisa ita ce, "Bashi ai na wanda ya ci ne, ina ruwan wanda ya sayi mota?" Rabinta gaskiya ne, shi ya sa take cutarwa. Gaskiya ne banki ba zai bi ka kuɗin da ba kai ka karɓa ba. Ba ka sa hannu a yarjejeniya ba, ba za a taɓa asusunka ko shagonka ba. Amma in an jinginar da motar, aka kuma yi rajistar jinginar, mai bin bashin yana da haƙƙi a jikin ƙarfen kansa, kuma haƙƙin ba ya faɗuwa don motar ta sauya hannu, sai in shi ya yarda da sayarwar. Ba za a ce ka biya ba. Za a ɗauke motar, kuɗinka kuma ka neme shi a wurin wanda ka ba.

Wannan ba ra'ayin lauyoyi ba ne, doka ce ta tarayya. Ranar 30 ga Mayu 2017 Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu a dokar da ta tsara jinginar da kadarorin da ake iya ɗauka, ita ce kuma ta ba Rajistar Jingina ta Ƙasa, NCR, ƙarfin doka. Babban Bankin Najeriya ne ya kafa rajistar, ta fara aiki a 2016. Manufar mai kyau ce: ƙaramin ɗan kasuwa da ba shi da takardar fili ya iya karɓar rance da motarsa, ko injinsa, ko dabbobinsa. Sai dai hakan na nufin motar da aka jinginar tana nan a hannun mai ita, yana yawo da ita, babu tambari a gilashi. Jinginar da muka tashi muka gani, wadda ake miƙa kaya a hannun mai ba da bashi ya ajiye, ba ita ake yi a nan ba.

Akwai wani nau'i da ya fi wannan haɗari, kuma shi ne ya fi yawa a tasha: cinikin da direbobi ke kira haya-fachas. Mai kuɗi ya sayi Keke ko bas, ya ba direba, direba yana kawo kuɗi duk mako har ya cika adadin da aka yanka, sannan abin hawan ya zama nasa. Tun da gwamnatin Anambra ta hana acaɓa a Anacha da Awka daga 1 ga Yuli 2018, masu neman abinci a kan titi suka ƙara karkata ga Keke da ƙananan bas, kuma ba kowa ke iya saye kuɗi hannu ba. A wannan ciniki direba ba mai mota ba ne har ranar da ya yi biyan ƙarshe. Ɗan haya ne. Ko saura mako biyu ya gama, in ya sayar maka, ya sayar da abin da ba nasa ba, kuma ƙa'idar doka ita ce mutum ba ya ba wani mallakar da shi kansa ba shi da ita. A nan ba ma maganar jingina ake yi ba. Mai mota ne zai zo ɗaukar motarsa.

Na sha jin ana kafa hujja da cewa, "Ai ya biya fiye da rabi, ba wanda ya isa ya ƙwace." Tushen maganar gaskiya ne. Dokar haya-fachas ta 1965 ta ce in ɗan haya ya biya kashi uku cikin biyar na kuɗin mota, mai motar ba zai karɓe ta da ƙarfi ba sai ta hanyar kotu, ko da yake in biya uku ya taru ba a yi ba, yana iya kai ta wurin ajiyarsa kafin a yanke hukunci. Amma wannan kariya an yi ta ne don direban da ke fama da biya, kada a cuce shi a ƙarshen hanya. Ba izinin sayarwa ba ce, ba kuma ta mai da wanda ya saya daga hannunsa mai mota.

Sai batun takardu, inda mutanenmu suka fi sakin jiki. "Orijina ne a hannuna." Lasin mota, takardar shaidar mallaka, inshora, takardar lafiyar mota, duk suna nuna sunan da aka yi rajista da shi, amma babu wadda aka yi don ta faɗa maka ko ana bin motar bashi. Masu ba da rance kan riƙe takardun asali da makulli na biyu, gaskiya ne, sai dai wanda ya je ofishin 'yan sanda ya ce takardunsa sun ɓace, ya yi rantsuwa a kotu, yana iya fitowa da wasu sababbi fil. Don haka tsohuwar mota mai takardu sababbi da makulli ɗaya tak abin a tsaya a yi tambaya ce. A duba sunan da ke jiki da kyau, domin bankuna kan sa nasu tare da na mai karɓar rancen. A duba inshorar ma: masu ba da rance sukan dage sai an yi cikakkiya, kuma sau da yawa sunansu na ciki a matsayin wanda za a fara biya in an yi asara.

Canza suna a ofishin lasin ba ya wanke komai. Sabuwar lamba ma haka. Lambar da ake bin mota da ita ta shasi ce, mai haruffa da alƙaluma 17 a yawancin motoci, wadda take nan tun daga masana'anta.

Akwai masu cewa da zarar an tsallake gadar Neja an wuce Asaba, aka miƙe Lakwaja har Kano ko Sakkwato, magana ta mutu. A da can, da komai yake a littafin wani ofishi ɗaya, wataƙila. Yau dokar ta tarayya ce, rajistar tana intanet, kuma masu ba da rancen mota sukan sa mata tiraka, wani ma mai iya kashe injin daga nesa. Abin da ya fi ɓata mini rai a wannan jita-jita shi ne wanda take faɗawa a kansa: ƙane ko suruki a ƙauye da aka tura wa mota don ya riƙe gida, bai san hawa ba bai san sauka ba, rana ɗaya a tare shi a shinge da fasinja a ciki.

"To ni da zuciya ɗaya na saya, ban sani ba, ai kotu za ta bar mini." A Ingila akwai wannan: dokarsu ta 1964 ta kare mutumin da ba dillali ba, wanda ya sayi motar haya-fachas da kyakkyawar niyya bai san da bashin ba. Tamu ta 1965 ba ta ɗauko wannan kariya ba. Rashin sani yana kare ka daga zargin laifi, ba ya ba ka motar. Wani wurin da dokar 2017 ta yi sassauci shi ne ga wanda ya saya a wurin ɗan kasuwar da sana'arsa ke nan sayar da motoci, cikin cinikinsa na yau da kullum: in dila ya jinginar da hajarsa ga banki ya sayar maka ɗaya, bankin shi zai bi. Amma sayen mota daga hannun direba ta bakin dillalin tasha bai shiga ciki ba. Ga wanda ya yi karatun zaure wannan ba baƙon hukunci ba ne. A fiƙihun Malikiyya, a Mukhtasar na Khalil, akwai babin istihƙaƙi: in mai kaya ya bayyana ya tabbatar da kayansa a hannun wanda ya saya, zai karɓa, shi kuma mai saye ya koma wa wanda ya sayar masa. Wahalar duka tana cikin wannan komawar, a gari irin Anacha inda mutum ke iya shiga bas ɗin dare ya kwana a wata jiha.

Wasu kuma suna ɗauka in bankin Musulunci ne ya ba da motar, babu ƙwace. Rashin kuɗin ruwa ba yafiya ba ne. Bankuna irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, suna ba da mota ta hanyar murabaha ko ijara. A ijara motar ta banki ce har a gama biya, a murabaha kuma bashi ne da ake ɗaure shi da jingina.

Tsoron da ya wuce kima shi ma yana da tasa ɓarnar. Ana cewa duk wanda aka samu da irin wannan mota gidan yari zai tafi. Ba haka ba ne. Bashi da saɓa yarjejeniya shari'ar haƙƙi ce, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan wannan kawai, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Wanda ya sayar da yaudara shi ke da laifi. Mai saye yana jawo wa kansa ne in ya san gaskiya sannan ya cire tiraka, ko ya ɓoye motar, ko ya bi shawarar masu cewa a farfasa ta a sayar da kayan a kasuwar Mgbuka Obosi. In aka zo ɗaukar mota, a nemi takardar da ke nuna haƙƙin mai ɗauka, a kira Sarkin Hausawa ko shugaban ƙungiya ya shaida, a nemi lauya, a kai ƙarar wanda ya sayar. Baƙo a garin mutane ba ya cin riba da kokawa a bakin titi.

Bincike a rajistar NCR ana yin sa ta intanet da lambar shasi, a kan ɗan kuɗi kaɗan, kuma duk yaron da ke cike wa mutane fom a shagon kwamfuta zai iya taimakawa. A karanto lambar daga jikin motar, ba daga takarda ba, a gwada su a ga sun yi daidai. In sunan wani banki ya fito, an huta da gardama. In bai fito ba, kada a ce an tsira: Ogan da ya raba wa direbobi Keke goma da yarjejeniyar shafi biyu ba lallai ne ya shigar da komai a rajista ba. Irin wannan bashi a tasha ake gano shi. A je inda motar ke lodi, a tambayi 'yan kamasho da shugaban layi wa ya ba direban motar, wa ya tsaya masa. Ba a cinikin biri a sama, kuma dillalin da zai karɓi la'ada ya kamata ya yarda ya sa hannu a matsayin shaida, da lambar katinsa na ɗan ƙasa. Ga motar Kwatano a haɗa da tabbatar da takardar kwastan, domin harajin da ba a biya ba shi ma motar yake bi.

Mota mai bashi ba haramun ba ce a saya, in an bi ta ƙofa. Mai sayarwa ya faɗi gaskiya, ku tafi tare wurin mai bin kuɗin, a rubuto abin da ya rage. Mu ƙaddara an yi ciniki a kan miliyan shida, saura miliyan biyu: ka tura biyun kai tsaye asusun mai bin bashin, huɗun kuma asusun mai sayarwa, mai ɗauke da sunan da ke cikin takardu, ba na dillali ba kuma ba tsabar kuɗi a leda ba. Ka karɓi takardar sallama, da takardun asali, da makulli na biyu, a cire tiraka a gabanka. Bayan 'yan kwanaki ka sake buga lambar shasin a rajista ka ga an goge jinginar, ka fitar da shafin ka haɗa shi da fatikula kafin motar ta kama hanyar Arewa.