Zaɓen Zaren da Ya Dace da Injin Saƙa Mai Kewaye

Gabatarwa

Kalmar "saƙa" a Hausa tana ɗauke da sana'o'i biyu. Akwai saƙar masaƙa ta gargajiya, inda ake miƙe zare a tsaye, a riƙa gitta wani da ƙoshiya har a sami ƙyalle. Akwai kuma saƙar da ake yi da zare guda, ana lanƙwasa shi ƙananan zobba, kowane zobe yana shiga cikin ɗan'uwansa, kamar yadda ake yin safa da singileti da rigar sanyi. A wannan maƙala za mu kira kowane zobe "ido". Kashi na biyun nan shi ne abin da za mu duba, musamman yadda ake zaɓen zaren da za a ɗora wa injin saƙa mai kewaye. Sau da yawa mai saye yakan bi launi da farashi kawai, alhali kuwa allurar injin ce ke da ta cewa.

Mene Ne Injin Saƙa Mai Kewaye?

Wani Bature ɗan Ingila mai suna William Lee ne ya ƙirƙiro injin saƙa safa a shekarar 1589. A 1816 Marc Brunel, Bafaranshen da ke zaune a Ingila, ya fito da samfurin da aka jera allurai a da'ira. A irin wannan inji, allurai suna tsaye a jikin ganga, kowace da ƙugiya a kanta da ɗan harshe mai buɗewa da rufewa. Yayin da injin ke juyawa, allura takan ɗago ta cafki zare, harshen ya rufe, ta jawo shi ta cikin tsohon ido. Ƙyallen yakan sauko a siffar bututu, babu ɗinki a gefe.

Injinan iri-iri ne. Akwai manya na masana'antu masu ɗaruruwa ko dubban allurai, akwai na safa masu allurai 60 ko 72, sannan akwai ƙanana na roba da ake juyawa da hannu, irin su Addi mai allurai 22 ko 46 da Sentro mai 48, waɗanda mata ke saƙa hulunan jarirai da su a gida.

Kaurin Zare da Gejin Inji

Abu na farko shi ne kauri. Gejin inji na nufin adadin alluran da ke cikin inci ɗaya. Inji mai geji 24 ko 28 alluransa sirara ne, a matse suke, don haka siririn zare yake so, irin na singileti. Idan zare ya yi wa allura kauri, ba zai zauna cikin ƙugiya ba, injin zai cije, harshen allura ya lanƙwashe ko ya karye. Idan kuwa ya yi siranta, ido zai yi sako-sako, ƙyallen ya fito kamar koma.

Hausawa sun daɗe da sanin wannan bambanci, shi ya sa makaɗiya ta raba abawa mai kauri da arafiya siririya. Masana'antu lamba suke amfani da ita, kuma a nan ne ake yawan rikicewa, domin ma'aunan biyu ne masu saɓa wa juna. A ma'aunin auduga na Ingila, lamba 1 na nufin yadi 840 na zaren ya kai nauyin laba ɗaya. Ke nan lamba 30 na nufin yadi 25,200 ne a laba ɗaya. Saboda haka duk lokacin da lamba ta ƙaru, zaren siranta yake yi: lamba 40 ta fi lamba 20 siranta. A ma'aunin diniya kuwa, wanda ake auna nailan da foliyesta da shi, ana duba nauyin mita 9,000 ne a giram, don haka diniya 150 ya fi diniya 75 kauri. Wanda bai bambanta waɗannan ba yana iya sayen kishiyar abin da ya je nema.

Ƙananan injinan hannu sun fi jituwa da zare matsakaici, wanda akan rubuta lamba 4 a takardarsa. Injin safa kuma siririn zare yake so, mai kimanin mita 400 a giram 100.

Asalin Zaren

Abu na biyu shi ne abin da aka yi zaren da shi. Auduga tana shan gumi, tana da sanyi a jiki, amma ba ta miƙewa ta koma, don haka takan yi wa ƙaramin inji tauri, ido ya riƙa zamewa. Tana kuma zubar da ɓurɓushi mai toshe ramukan allura, sai an riƙa sharewa. Ulu na gashin tumaki yana da taushi da ɗumi, yana miƙewa ya koma, sai dai ruwan zafi da cuɗa suna sa shi ya ƙanƙance ya dunƙule. Ya kamata mai karatu ya lura cewa yawancin abin da ake kira "ulu" a kasuwanninmu ba gashin dabba ba ne, akirilik ne da aka sarrafa daga sinadaran man fetur. Yana da araha, yana jure wanki, inji na karɓarsa, amma dutsen guga mai zafi yana lalata shi.

Saboda kowane na da nasa rauni, akan gauraya su. Zaren safa galibi kashi 75 cikin ɗari ulu ne, kashi 25 nailan, domin kada dunduniya ta yi saurin hujewa. Akan kuma haɗa auduga da ɗan zaren roba a wuyan riga da bakin hannu don kada su saki.

Murɗi da Santsi

Abu na uku shi ne murɗi. Zaren da masaƙi ke miƙewa a tsaye yana buƙatar murɗi mai ƙarfi domin ya jure ja. Zaren injin kewaye kuwa sassauƙan murɗi yake so. Idan murɗin ya yi yawa, zaren yakan yi ƙoƙarin warware kansa a cikin ƙyalle. Wannan ne dalilin da ya sa za ka wanke sabuwar singileti ka ga ɗinkin gefe ya karkato gaba. Idan kuma murɗin ya yi kaɗan ƙwarai, ƙugiya za ta tsaga zaren ta kama rabi ta bar rabi.

Haka nan dole zaren ya kasance sumul. Ƙulli guda yana iya karya allura ko ya bar huji. Zare mai gashi buzu-buzu ko mai gudaji yakan maƙale a harshen allura. A masana'antu akan shafa wa zare kakin kyandir yayin naɗi domin ya riƙa sulɓi. Naɗin ma abin lura ne: zaren da aka naɗe a bututun kwali mai faɗin gindi yana warwaruwa daidai wa daida, amma dunƙule yana gangarawa yana fizga, sai wani ido ya matse wani ya saki.

Yanayi na da tasiri. A lokacin hunturu iska takan bushe, auduga ta yi saurin tsinkewa, akirilik da foliyesta kuma su riƙa tara wutar nan da ke tartsatsi a jikin tufa, zare ya manne da inji. Don haka ne masana'antu ke sanya laima a ɗakin saƙa.

Kafin a Biya Kuɗi

Mai ƙaramin jari da ta karɓi aikin hulunan sanyi na wata makaranta, in ta sayi zare katan guda ba tare da gwaji ba, tana iya rasa uwa da riba, ga alluran da za ta sake saye. Hanya mafi sauƙi ita ce a sayi dunƙule ɗaya, a saƙa ɗan gutsure, a auna shi, a wanke, a shanya, a sake aunawa. Idan ya ƙanƙance, ko ya zuba, ko ya karkace, an gano tun asara ba ta yi yawa ba. Sannan a duba lambar rini da ke jikin takarda, a sayi isasshe mai lamba ɗaya, domin ja na tukunyar yau ba lallai ya zo daidai da na gobe ba. Araha dai ba ta ado.

Kammalawa

An ga cewa zaɓen zare ya rataya ne a kan kaurinsa da asalinsa da murɗinsa da santsinsa, kuma kauri ne kan gaba, domin shi ne ke haɗuwa da allura kai tsaye. Ga ɗaliban harshe kuma akwai sauran aiki. Kalmomi irin su abawa da arafiya da mazari da kwarkwaro suna nan a bakin tsofaffi, amma sassan sabon injin da yawa ba su da tsayayyen suna a Hausa. Zama da masu sana'ar domin tattara sunayen da su kansu suka laƙaba wa waɗannan sassa zai yi kyau a matsayin aikin kundin kammala digiri.