Yadda Kwamfuta Ta Ke Gane Mararraba

Yau za mu yi magana a kan wani ɗan aiki na masu zana taswira da kwamfuta, watau yanka layi a mararraba. Da jinsa kamar ba kome ba ne, amma in an yi sakaci da shi, sai taswira ta aika motar asibiti zagaye mai nisa, alhali majinyacin yana bayan kwana guda.

Kwamfuta ba ta ganin hanya yadda ido ya ke gani. A wurinta hanya jerin ɗigo ce, kowane ɗigo da lambobin da ke nuna inda ya ke a bisa ƙasa. In mai zane ya ja titi daga gabas zuwa yamma, ya ja wani ya gitta shi, mu mun ga mararraba. Ita kuwa zare biyu ta gani, ɗaya a kan ɗaya, ba ƙulli. Ko yaya ka tambaye ta hanya, ba za ta karya kwana a nan ba. Saboda haka a kan yanka layukan daidai inda su ka gamu, biyu su zama huɗu, bakin kowane guntu ya ƙare a ɗigo guda.

Wannan tunani ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A cikin 1736 masanin lissafi Leonhard Euler ya duba gadoji bakwai na birnin Konigsberg, wanda yau a ke kira Kaliningrad a ƙasar Rasha, ya mai da kowane yankin gari ɗigo, kowace gada layi. Sa'an nan a 1959 Edsger Dijkstra, mutumin Holan, ya buga dabararsa ta gano hanya mafi kusa. Dabarar daga ɗigo zuwa ɗigo ta ke tafiya, don haka inda ba a yanka ba, ba ta san akwai mararraba ba.

Manhajoji irin su QGIS da GRASS su kan yanka dubban layuka cikin ɗan lokaci. To, a nan ne haɗarin ya ke, gama wuƙar ba ta da ido. Ku ɗauki babbar mahaɗar nan ta Birmingham a Ingila, wadda aka buɗe a 1972, mutane su ka yi mata laƙabi da taliya saboda yadda hanyoyinta su ka sarƙe, wata bisa wata, ga layin dogo da hanyar ruwa a ƙarƙashi. In an yanka duk inda layi ya gitta layi, sai kwamfuta ta ce wa direba ya juya dama daga kan gadar sama ya sauka bisa layin dogo. Mai hankali ya kan ware gadoji da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa tukuna, kana ya yanka sauran. Masu taswirar OpenStreetMap, wadda aka fara a 2004, su kan rubuta wa kowace gada alama da lambar hawanta.

Akwai kuma layin da ya tsaya taki ɗaya kafin ya taɓa ɗan'uwansa. A kan gaya wa manhaja ta ɗinke duk ratar da ba ta kai kaza ba. In awon ya yi yawa kuwa, sai ta haɗe tituna biyu da katanga ta raba.

Kuskuren da a ganina ya fi yaudara shi ne na tsawo. Titi mai kilomita 4 in an raba shi biyu, sau da yawa kowane guntu ya kan gaji rubutun uwarsa, ya ce shi ma 4 ne. Taswira lafiya lau a ido, amma lissafi ya ba da 8. Tilas ne a sa manhaja ta sake auna kowane guntu bayan yanka.

Sai kuma mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.