Fitsarin jini a bakin tafkin Kainji: yadda ake karanta sakamakon gwajin sankarar mafitsara

A garuruwan masunta na Yauri, Ngaski da Shanga, yaro ya yi fitsari da jini ba abin mamaki ba ne. Tsargiya ce, in ji manya, zai warke. Tsutsar da ke kawo ta tana rayuwa ne a jikin dodon koɗi, kuma ruwa kwantacce irin na tafkin Kainji, wanda aka kammala madatsarsa a 1968, shi ne abin da dodon koɗin yake so. Matsalar ita ce ƙwayayen tsutsar suna maƙalewa a bangon mafitsara, su yi ta jawo kumburi shekara da shekaru, har wani lokaci ya rikiɗe ya zama sankara.

To ta yaya ake ganewa? Hanya ɗaya ita ce a duba ƙwayoyin halittar da suka zubo cikin fitsari da madubin likita. A da, kowane ɗakin gwaji da irin kalmominsa, har likita ya rasa abin da takardar ke nufi. Shi ya sa masana suka fara tattaunawa a wani taro a Paris a 2013, suka fitar da Tsarin Paris a 2016, aka sabunta shi a 2022.

Tsarin ya raba sakamako gida-gida: samfurin bai isa ba, ba a ga sankara mai zafi ba, ƙwayoyin sun ɗan sauya kama, ana zargin sankara, sankara mai zafi ce, sai kuma wasu nau'ukan sankara. Babban ma'auninsa shi ne girman cibiyar ƙwaya: idan ta kai rabin ƙwayar, akwai abin lura, idan ta kai kashi 70 cikin 100, ta yi duhu, gefenta ya karkace, zargi ya yi ƙarfi.

Ga inda ya kamata mu lura. An gina tsarin ne don kama sankarar da ke tasowa daga shimfiɗar mafitsara ta asali, wadda ta fi yawa a Turai da Amurka. Ita kuwa tsargiya ta fi jawo nau'in da ƙwayoyinsa suka yi kama da na fata, kuma binciken da aka yi a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ya nuna wannan nau'in ne ya fi yawa a can. Saboda haka "ba a gani ba" ba ya nufin "babu".

Idan babba ya sha praziquantel amma jinin bai tsaya ba, ko ya dawo, kada ya tsaya a gwajin fitsari. Ya nemi a yi masa hoton ciki, a kuma leƙa mafitsarar da siririn bututu mai kyamara. In za a kai samfuri, a guji fitsarin farko na asuba, domin ƙwayoyinsa sun kwana sun lalace.