Ɗan Daudu, Luwaɗi da Zargi: Tambaya Uku da Muke Cakuɗawa

Daga nan Yasore nake magana. Ga rubutun shirinmu na yau, don waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Batun yau mai nauyi ne, na san wasu za su ce me ya kai ni. Maganar luwaɗi da maɗigo ce. Kullum ana yin ta a TikTok da Facebook, ana tsinuwa, ana ɗora hotunan mutane, amma da wuya ka ji wanda ya tsaya ya rarrabe zancen. Tambaya uku ce muke dunƙulewa wuri guda. Me masana halayyar ɗan Adam suka gano? Me addini da doka suka ce? Sannan ya za mu yi da mutumin da aka nuna wa yatsa?

Mu fara da ta farko. Shekaru da yawa likitocin ƙwaƙwalwa a Turai da Amurka suna ɗaukar sha'awar jinsi ɗaya a matsayin ciwon ƙwaƙwalwa. Sun yi ta gwada magani, har da jona wa mutum lantarki da ɗirka masa allurai. A 1957 wata masaniya Ba'amurkiya, Evelyn Hooker, ta fitar da wani bincike. Ta ɗauki maza 30 masu sha'awar maza da maza 30 masu sha'awar mata, ta yi musu gwajin tunani iri ɗaya, sai ta miƙa wa ƙwararru sakamakon ba tare da ta faɗa musu wane ne wane ba. Suka kasa rarrabewa. A 1973 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire abin daga jerin cututtukanta, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta bi sahu a 1990.

To me ke kawo shi? A 2019 mujallar Science ta wallafa binciken da aka yi kan mutum kusan rabin miliyan. Ba a samu wata ƙwayar gado guda ɗaya da za a ce ita ce sila ba. Gado yana da ɗan tasiri, sauran kuma abubuwa ne da ba a gama warware su ba. Abin da yawancin masanan suka tsaya a kai shi ne, ita sha'awar ba zaɓarta mutum yake yi kamar riga a kasuwa ba, kuma duka da azaba ba a ga sun cire ta ba. Abin da aka ga suna ƙarawa shi ne ciwon damuwa da tunanin kashe kai.

A nan fa a kula. Kimiyya ta ce ba taɓin hankali ba ne, amma ba ta ce halal ne ba, don wannan ba fagenta ba ne. Likita ba ya ba da fatawa, kamar yadda malami ba ya karanta hoton ƙirji.

Tambaya ta biyu a bayyane take. Musulunci ya haramta aikin, mazhabobin nan huɗu duk sun haɗu a kai. Dokar ƙasa ma ta hana. Kundin dokar laifuka na Arewa da ya fara aiki a 1960 ya tanadi ɗaurin shekara 14. A 2000 jihohi irin su Zamfara da Kano da Katsina suka koma shari'a. A Janairun 2014 shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar hana auren jinsi. Wato a daidai lokacin da Holan ta halatta irin wannan aure a 2001, Afirka ta Kudu a 2006, Amurka a 2015, mu nan ƙara ɗaure igiya muka yi.

Amma canjin da aka samu a wurinmu ya wuce na doka. Ku tambayi iyayenku labarin 'yan daudu. Da a fili suke, suna tuyar kaji da sayar da abinci a tasha da kasuwa, suna rangwaɗa a wajen biki. Malamai suna wa'azi a kansu, mutane suna musu dariya, kuma su sayi abincinsu. Sunan ma tsoho ne, Daudu kirarin Galadima ne, kuma a bori akwai Ɗan Galadima. Wani masani Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano, ya fitar da littafi a 2009. Cikin abin da ya nuna akwai cewa da yawansu suna da mata da 'ya'ya, suna salla, wasu ma sun sauke farali. Daudu salon magana ne da tafiya da sana'a. Wasunsu suna neman maza, amma kalmar kanta ba ta nufin haka. Yau mun haɗe su duka cikin buhu ɗaya. Yaro ya cika taushin murya, ko yana son girki, shi ke nan an yanke masa hukunci.

Wannan ya kawo mu tambaya ta uku, wadda ita ce ta fi damuna. Shari'ar da muke kafa hujja da ita ba ta yarda da “an ce” ba. A mazhabar Malikiyya sai an samu shaidu huɗu da suka gani da idonsu, ko mutum ya yi iƙirari da bakinsa. Wanda ya jefi wani da wannan zargi ya kasa kawo shaida, shi ne zai sha bulala 80 ta ƙazafi. Suratul Hujurat kuma ta hana bin diddigin asirin mutane. A 2005 wata kotun shari'a a birnin Katsina ta sallami maza biyu da aka tuhuma da luwaɗi, saboda ba a kawo shaidar da ta isa ba. Alƙali ya saki don babu hujja, kai kuma da wayarka ka gama shari'a a minti biyu?

Mu mutanen Batsari da Safana ba sai an ba mu labarin ɗaukar doka a hannu ba. Mun ga yadda kashe mutum kan zato ke jawo ramuwa, ramuwa ta jawo wata, har gona ta gagari mai ita. Taron da ya koyi dukan mutum kan zargi ba ya tsayawa kan zargi ɗaya.

Sai abu guda da dole a ware shi daban: babba ya lalata yaro. Wannan fyaɗe ne, ko yaron namiji ne ko mace, kuma a nan ya kamata ihunmu ya fi ƙarfi. Ku tuna 2019, da aka buɗe gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura. Iyaye sun kai 'ya'yansu gyaran tarbiyya, aka fito da su da sarƙa a ƙafa, wasu suna ba da labarin lalata da aka yi musu a ciki. Yaron da aka yi wa haka, in ya san ana iya kiransa ɗan luwaɗi, zai buɗe baki? Shirunsa kuwa shi ke ba azzalumi damar komawa kan wani.

Don haka roƙona kaɗan ne. Kada ka tura hoton wani da zargin da ba za ka iya tsayawa gaban alƙali a kai ba. In ƙaninka ya zo maka da abin da ke damunsa, ka saurare shi kafin ka ɗaga hannu. Yaron da aka kora daga gida titi ne zai karɓe shi, kuma mun san tarbiyyar titi. Ka riƙe aƙidarka, babu wanda ya ce ka sake ta. Ita ɗin ce ma ta hana ka ƙazafi.

Ina jiran ra'ayoyinku, amma don Allah ban da ambaton sunan kowa. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya shirya mana zuri'a.